Warin Tsami a Kwalbar Maganin Safe

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma kina cin abinci na gaske, ba shayi da biskit a tsaye ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Jikin Babanki da sauƙi sosai, shanyewar ɓarin jikin nan tana ta sakinsa. Ƙafar ta saki, kullum da safe yana fita tattaki kamar yadda likita ya ce, ya je bakin titi ya dawo yana ba ni labarin kowa. Hannun daman ne har yanzu ba ƙarfi, yatsun ba sa riƙe ƙaramin abu. Keken ɗinkinsa yana nan a lulluɓe. Wani lokaci yakan zauna a gabansa ya yi ta shafa shi, ni kuma sai in yi kamar ban gani ba.

Kada ki yi dariyar rubutuna, layin yana hawa yana gangara. Malamar ajinmu na manya ta ce duk wadda take son hannunta ya faɗa, ta nemi wanda za ta riƙa rubuta wa. Na ce ai ni tawa ta samu. Kuma kin san waya a gidan nan ba ta da sirri. Tana hannun Babanki, tun da kunnensa ya yi nauyi kuwa a sifika yake sa ta, har maƙwabta suna amsa gaisuwarki ta katanga.

Bari in ba ki labari. Na samo kwalbar zuma da ta ƙare, na wanke ta tas, na manna mata takarda na rubuta MAGANIN SAFE da hannuna, ba wanda ya kama min biro. A ciki nake ajiye ƙaramin farin maganin nan da likita ya ce kada a yi fashinsa ko sau ɗaya, wai shi ke hana jini daskarewa ciwon ya dawo. Da Babanki ya gani sai da ya sa tabarau ya karanta a fili har sau biyu. Tun ranar yake kirana Malama. Ina nuna masa ba na so, amma ina so.

Yanzu ga abin da ke damuna. Matan ajinmu suna tambayata me 'yata take karantawa a can, sai in ce haɗa magunguna. Jiya wata ta ce, to likita ce ke nan? Don Allah ki rubuto min yadda zan gane, da manyan baƙaƙe. Kuma ki faɗa min gaskiya, abin da kuke taɓawa ba ya ƙona hannu?

Ki riƙa rufe kanki in ana sanyi.

Innarki

*

Inna tawa,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, ban ma ajiye jaka ba. Rubutunki ya fi na malamina kyau, shi sai mun taru mu uku muke gane abin da ya rubuta. Ina lafiya, ina kuma cin abinci. Na yi murna da jin ƙafar Baba. Ki ce masa ɗalibar Malama tana gaishe shi.

Ki ce wa matan ajinku ni ba likita ba ce. Aikina shi ne in gano yadda magani yake lalacewa, da kuma saurin da yake lalacewa. Wanda nake aiki a kansa ma asfirin ne, irin ƙaramin farin da Baba yake sha.

Tunda matar tela ce ke, ga yadda abin yake. Ki ɗauka maganin ƙyalle biyu ne da aka haɗa da ɗinki ɗaya. Muddin ɗinkin yana nan, magani ne. Ruwa shi ne mai son farke ɗinkin, amma shi kaɗai ba shi da ƙarfi, sai ya daɗe yana fama. In aka zuba asid, wato abu mai tsananin tsami, sai ya je ya kama bakin ɗinkin ya ja shi ya yi sako-sako, ruwa ya samu wurin shiga ya farke. Abin mamakin shi ne asid ɗin ba ya ƙarewa. Yana gama taimakon wannan sai ya saki, ya koma kan na gaba.

Ni kuma ina zaune da agogo. Ina narka maganin a ruwa, in zuba asid, in ɗora a wuri mai ɗumi. Lokaci-lokaci in ɗebi kaɗan in tsoma a ƙanƙara don farkewar ta tsaya, in ɗiga wani ruwa da ke sa shi ya rine. Iya duhun launin, iya yawan wanda ya farke. Da haka nake gane lokacin da rabinsa zai tafi. In na ƙara zafi, lokacin ya ragu. In na ƙara tsami, ya ƙara raguwa.

Ɗaya daga ƙyallayen nan biyu warinsa irin na ruwan khal ne, ruwan tsamin nan da ake zubawa a salak. Don haka ko ban auna ba, in na buɗe kwalba na ji warin tsamin nan, na san magani ya fara tashi daga aiki. In mun gama sai mu juye komai a wata babbar kwalba mai hoton ƙoƙon kai, a zo a kwashe. Kada ki damu da hannuna, da safar hannu da tabarau nake aiki.

Ki ci gaba da rubuto min. Ina ajiye wasiƙarki ƙarƙashin matashi.

Autarki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Muna lafiya a ido, amma ni hankalina ba ya jikina.

Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta. Da na zo wurin warin khal sai na ajiye takardar. Na tashi na buɗe kwalbar Babanki na kai hancina. Auta, shi ne. Warin nan na daɗe ina jinsa, na ɗauka ragowar zuma ce ta yi tsami.

Abin da ban faɗa miki ba shi ne, maganin a kati yake zuwa, yatsun Babanki kuwa ba sa iya ɓallo shi. Na ga yana fama har ƙwaya ta faɗi ƙarƙashin kujera, ransa ya ɓaci. Shi ne na zauna na ɓalle duk katunan da aka ba mu, na zuba a kwalba. Na ajiye ta a kantar da ke saman butar shayi don kada in manta, murfin ma ba na ɗaure shi sosai, saboda ko ba na nan ya iya buɗewa. Yanzu ƙwayoyin sun yi laushi, wasu sun manne da juna.

Kin ce mai irin wannan wari a kwalba mai ƙoƙon kai kuke zubawa. Na san wannan hoton, shi ne a jikin maganin ɓera. Ke da safar hannu kike taɓawa, ni kuwa da hannuna nake ɗora wa mijina a faranti kowace safiya.

Na daina ba shi. Na yi tunanin sayo sabo wurin Dogo mai kemis, sai na tuna kin ce zafi da tsami ke farke shi. To cikin mutum ai da ɗumi, Babanki kuma ga shi da ƙwannafi. Ashe ko sabo ne, yana shiga ciki zai koma wancan abin? Kuma da wane baki zan ce wa Dogo ga abin da na yi? Kin san shagonsa, abin da aka faɗa da safe kafin azahar ya zaga unguwa.

Don kada Babanki ya gane, na sayo alewar minti 'yan ƙanana farare, ina ajiye masa ɗaya a gefen faranti tare da maganin hawan jini. Ina ajiyewa nake fita shara, don ba na iya kallonsa. Har yau bai ce komai ba.

Ga likita ya ce kada a yi fashi, ga ki kin ce ya lalace. In na ba shi ina tsoro, in na hana shi ina tsoro. Ki amsa min da sauri, amma a takarda. Kada ki yi maganar nan a waya.

Innarki

*

Auta,

Shiru. Na je gidan waya har ma'aikacin ya gane ni, tun daga nesa yake girgiza min kai. Ko kin yi fushi da ni ne? In faɗa ne ki yi min, na yarda, amma ki yi magana.

Yau ga wani sabon tashin hankali. Ina shara sai na ga kiyashi sun yi layi daga bakin taga, sun bi ƙafar keken ɗinki sun hau. Na ɗaga lulluɓin na bi su har ƙaramin aljihun da yake ajiye allurai da maɓallai. Na ja. Mintina ne a ciki, duk wanda na taɓa ajiye masa, kiyashi sun rufe su. A ƙarƙashinsu kuma ga ƙwayoyin kwalba tuli guda, sun narke sun kama katako.

Kin gane? Ba tun da na hana shi ba ne. Tun kafin nan ba ya sha. Mutumin nan ya daɗe yana yawo a titi ba maganin a jikinsa, ni ina nan ina murna ƙafa ta saki.

Yanzu haka ya fita tattaki. Zan sa wannan a ambulan in jefa a hanya, in bi bayansa. Ki yi mana addu'a.

Innarki

*

Inna,

Ina fata wannan ta same ku cikin lafiya. Ki yafe min. Ban yi fushi ba, wallahi. Na'urar ɗakin gwajinmu ce ta lalace, aka mayar da ni wani gini can nesa, ban leƙa akwatin wasiƙun sashenmu ba sai yau. Na tarar da guda biyu tare. Ban gama ta biyun ba na fita waje na kira.

Na san kin ce ban da waya, amma ran Baba ya fi sirri. Shi ya ɗauka. Na ce, "Baba, ku tashi yanzu kai da Inna ku je wurin Dogo." Sai na ji ya tuntsire da dariya har da tari, ke kuma ina jin muryarki daga nesa kina cewa, "Kada ka faɗa mata, ni zan rubuta, labarina ne." Ya ce min, "Kwantar da hankalinki, ina shan magani," ya kashe. Na ji daɗi, amma kun bar ni a tsaye a bakin titi kamar wadda mota ta tafi ta bari. Me ya faru?

Kafin amsarki ta zo, bari in gyara abin da na rubuta a karkace. Kwalba mai ƙoƙon kai ba don maganin aka yi mata hoton ba, don asid mai ƙarfi ne da muke zubawa da hannunmu. Babu shi a kicin ɗinki. Asfirin da ya yi warin khal bai zama guba ba. Ƙarfinsa ne ya ragu, yana kuma iya damun ciki, shi ya sa ake zubar da shi a karɓi sabo. Ba ki ba Baba guba ba, Inna. Ki karanta wannan layin sau uku.

Maganar cikin mutum kuwa, tunaninki ya bi hanya, abu ɗaya kika tsallake, kuma shi ne dukan aikina: sauri. E, akwai tsami da ɗumi a ciki. Amma farkewar nan tafiyar hawainiya take yi, shigar magani cikin jini kuwa gudu ne. Kafin ruwa ya farke wani abin kirki, magani ya riga ya wuce ya kama aikinsa. A kwalbarki ne ya samu abin da yake so: tururin buta kowace safiya, murfi a sake, ga lokaci mai tsawo ba mai korarsa. Katin da kika ɓalle, aikinsa ke nan, ya hana ruwa isa wurin ɗinkin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dainawar. Ko me kika ji, ko daga bakina ne, kada ki tsayar da maganin Baba sai kin tambayi likita ko mai kemis a ranar.

Minti kuma, Inna? Minti?

Autarki

*

Autata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Ina cin abinci, ina barci, jiya har na makara aji Malama ta tsaya tana kallona. Na karanta layin nan sau uku kamar yadda kika ce, na ƙara na huɗu don kaina.

To zauna ki ji.

Ranar da na jefa miki wasiƙa, na bi hanyar da yake bi ina leƙe kamar ɓarauniya. Ban gan shi a bakin titi ba. Can sai na hango sandarsa a jingine a ƙofar kemis. Na raɓe jikin motar da ke tsaye a wurin. Ga Babanki a kan benci ya miƙe ƙafa kamar shagon nasa ne. Dogo ya ɗauko kati daga kanta, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya sa masa a tafin hannu, ya miƙa masa ruwa a kofi. Ya haɗiye, ya ce, "Madalla, a mayar min da katina wurinsa."

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Malam, me nake gani haka?"

Kofin ya kusa suɓuce masa. Dogo ya ce, "Shi ke nan, Tela, an kama mu. Ni dama na ce maka ba na iya ƙarya da tsayin nan nawa, ko'ina ana hango ni."

Na ce, "Kai kuma zan dawo kanka."

Ashe tun farkon da kwalbar ta fara wari Babanki ya ji. Ya sa ƙwaya ɗaya a aljihu ya kai wa Dogo. Dogo ya shinshina ya ce wannan ta sha tururi, kada ya ƙara sha, a kawo kwalbar a zubar. Babanki ya ce ba za a taɓa kwalbar ba. Shi ne ya sayi sabon kati, suka shirya a ajiye masa shi a shagon, kullum in ya fito tattaki ya biya a ɓallo masa. Ko ranar da shago yake rufe, gidan Dogo yake bi. Bai yi fashi ba, Auta, ko sau ɗaya. Sai ga ni zaune a benci kusa da shi, ina kuka a gaban masu sayen maganin mura.

Da muka kama hanyar gida na ce, "Me ya hana ka faɗa min? Bakinka ciwo yake?"

Ya yi tafiya kaɗan. Sannan ya ce, "Tun da aka kawo ki gidana ni nake karanta miki komai, har takardar asibitin haihuwar yaran nan. Ranar da na ga kin rubuta abu da hannunki kin manna, kina wucewa kina satar kallonsa, ni ne zan ce miki kwalbar ba ta yi ba? Ai gara in yi ta zuwa wurin Dogo ina jin surutunsa."

Sai da muka shiga gida na ce, "To ni ma ina da tawa." Na ja aljihun keken na nuna masa.

Ya sa tabarau ya leƙa. Ya ce, "Ikon Allah. Yaushe kiyashi suka fara shan maganin jini?"

Na ce, "Minti ne."

Ya dube ni, ya dubi kiyashi, ya sake dubana. "Wato ke kina ba ni alewa a matsayin magani, ni kuma ina ɓoye alewa a matsayin magani?" Ya yi ta dariya har sai da na riƙe shi kada ya faɗi. Ya ce da ya san minti ne da bai yi asara ba.

Washegari na sa shi gaba muka je wurin likita, na faɗi komai da bakina, ban rage ba. Ya auna shi ya ce komai daidai. Ni ya yi min faɗa irin naki, shi ma ya sha nasa, don likita ya ce mai ciwo ba ya ɓoye wa mai jinyarsa abu. Dogo kuwa, kin ga mutum, duk tsawon lokacin nan bai faɗa wa kowa ba. Na ɗauki alhakinsa, na je na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma in bar masa Tela ya riƙa zuwa, don shi kaɗai ke sauraron labarinsa har ƙarshe.

Yanzu ga yadda muke yi. Na zubar da tsofaffin, na wanke kwalbar na shanya ta a rana. Na ɗauko almakashin Babanki na yanka sabon kati gida-gida, kowace ƙwaya tana cikin rigarta ba a ɓalle ba, na zuba su a ciki. Dogo ya duba ya ce haka ya yi. Kwalbar ta bar kicin, tana ɗaki a kan keken ɗinki, inda ba tururi. Takardar tana nan a manne, gefenta ya ɗan naɗe amma ana karantawa. Da safe ni nake ɓallo ɗaya, kuma na daina fita shara. Ina tsaye a kansa sai ya haɗiye ya buɗe baki na gani. Yana cewa ko a asibiti ba a yi masa wannan tsaron ba.

A aji na ba su labarin ƙyalle biyu da ɗinki ɗaya. Na ce 'yata agogo take riƙewa tana auna saurin lalacewar magani. Wadda ta ce ko likita ce ke, ta koma gida ta sauke magungunan surukarta daga saman murhu.

Ki kula da hannunki duk da safar. In na'urarku ta sake lalacewa, ki riƙa leƙa akwatin nan, kada ki ƙara bari na in yi ta gaisawa da ma'aikacin gidan waya.

Babanki yana nan kusa da ni yana leƙen takardar, wai in rubuta miki saƙonsa daidai yadda ya faɗa. Ya ce a ci gaba da ajiye minti a gefen faranti. Wannan karon shi zai sha, kiyashi sun ci rabonsu.

Innarki, Malama